Ganyen tumatirina yana nannaɗewa: ƙishirwa ce ko cuta?

Mai garka a Mirriya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa manoman rani. Ina da garka a bayan garin Mirriya, inda na dasa tumatir fangali 20 a ƙarshen watan Disamba, irin Roma VF. Shukar ta tashi lafiya har ta fara fure, sai ga shi tun tsakiyar Fabrairu ganyen ya soma nannaɗewa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne naɗin ba iri ɗaya ba ne. A yawancin fangalan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe kamar tabarma, alhali suna nan kore shar, amma a fangali uku na gabas, waɗanda ke jingine da kuɓewar maƙwabcina, sabon tohon sama ne ya ƙanƙance, ya lanƙwashe kamar cokali, bakinsa ya yi ɗorawa, furen kuma yana ta zuba. Na yi feshin maganin ƙwari sau biyu ban ga canji ba. Me ke kawo wannan, kuma me ya kamata in yi kafin abin ya game garkar?

Dattijo daga Gidimuni:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na ganyen ƙasa kada ya hana ka barci, domin mu da muka tsufa a wannan sana'a muna ganinsa duk shekara da zarar sanyin hunturu ya ja baya, rana ta fara ƙarfi, iska kuma ta bushe. Shukar ce da kanta take naɗe ganyen don ta rage ruwan da ke fita daga jikinta. Taɓa shi ka ji, za ka tarar ya yi kauri kamar fata, ba tabo, ba ɗorawa.

Abin da ke ƙara shi shi ne ban ruwa marar tsari, a bar ƙasa ta bushe ƙayau kwana uku sannan a cika fangali maƙil. Haka nan yawan takin zamani, da yanke rassa da yawa a rana ɗaya, da fartanyar da ta nitse har ta tsinke saiwa. Ka daidaita ban ruwanka da sassafe ko da yamma, ka shimfiɗa tattaka ko ƙaiƙayin hatsi a gindin shukar don danshi ya zauna. Ganyen da ya riga ya naɗe ba lalle ya warware ba, amma za ka ɗebi tumatirinka. Na gabas ɗin kuwa, na bar wa malaman gona.

Malamin gona, Damagaram:

Baba ya yi gaskiya a kan na farko. Na biyun kuwa, Malam, yadda ka siffanta shi ya yi daidai da cutar naɗewar ganye mai ɗorawa, wadda ake rubuta sunanta a taƙaice TYLCV. Ƙwayar bairus ce, kuma farin ƙuda ne ke yaɗa ta, wani ɗan ƙwaro da tsawonsa bai wuce milimita 1 ba, wanda ke zama a ƙarƙashin ganye yana tsotsar ruwansa. Girgiza shukar da sassafe, idan ka ga wani abu fari ya tashi kamar gari, to shi ne. Tsotson da bai kai awa ɗaya ba a jikin shuka mai ciwo ya ishe shi ya ɗauki cutar, daga nan kuma zai yi ta raba ta kusan har ƙarshen rayuwarsa. Alamar ba ta bayyana sai bayan mako 2 zuwa 3, wato abin da kake gani yau tun farkon Fabrairu ko kafin nan ya shiga. Ban yi mamakin cewa daga gefen kuɓewa ya ɓullo ba, saboda kuɓewa da yalo da auduga da rogo duk matattarar wannan ƙuda ne.

Dalilin da feshinka bai yi aiki ba shi ne babu maganin da ke warkar da shukar da bairus ya riga ya shiga. Wadda ta kamu tana ƙarama za ta tsugune, ba za ta ba ka abin kirki ba, don haka ka tumɓuke ta, amma ka fara lulluɓe ta da buhu don kada ƙudan ya watsu, sannan ka binne ta ko ka ƙone ta nesa da garka. Na san yana da ciwo mutum ya cire abin da ya sha wahalar shayarwa, sai dai barin fangali uku yana iya jawo asarar sauran 17.

Ga waɗanda suka rage, ka daka ƙwallon dogon yaro giram 500, ka jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma a ƙarƙashin ganyen, kowane mako. Ka rataya robobi masu launin ɗorawa da aka shafe da man giris, domin launin yana jan ƙudan ya manne, kai kuma ka san yawansa. In har za ka sayi maganin kanti, ka nemi wanda kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel (CSP) ya amince da shi, kada kuma ka nace wa guda ɗaya, don wannan ƙwaro yana saurin sabawa da guba.

Mai garka a Mirriya:

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. Na girgiza shukar yau da safe, farin ƙudan kuwa ya tashi fululu. Amma ai an ce mini Roma VF yana jure cuta. Sannan idan na rufe wurin renon iri da gidan sauro baɗi, zai wadatar?

Malamin gona, Damagaram:

Haruffan V da F suna nufin cututtuka biyu na ƙasa masu sa shuka yaushi, babu ruwansu da bairus. Baɗi ka duba jikin fakitin iri, ka nemi wanda aka rubuta TY ko TYLCV a kansa. Gidan sauro ya fi babu, amma idonsa ya yi wa farin ƙuda faɗi, gara ka samu raga mai ƙananan ido, ka rufe renon tun ranar shuka har zuwa dashe, ka kuma danne bakinta da ƙasa, tun da kamuwar ƙuruciya ce ta fi ɓarna.

Manomiya daga Matamai:

Ina da ƙari ɗaya, Malam, tun da ka ce ka yi feshi sau biyu. Bara na ari famfon feshi a wurin wani da ya yi aiki da maganin kashe haki na 2,4-D, ɗauraya ɗaya na yi masa, kwana kaɗan sai tohon tumatirina ya murɗe ya sunkuya ƙasa, sabon ganyen ya fito siriri kamar igiya. Idan famfonka na aro ne, ka tambayi mai shi abin da ya taɓa zubawa a ciki, ka kuma ware wa tumatir nasa famfon dabam.