Kwana uku a birnin Faris: abin da waɗanda suka je suka ce

Na tambayi waɗanda suka taɓa zuwa Faris, babban birnin Faransa, a watan Afrilu, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a yi haɗama. Kwana uku ba sa isa a ga komai, wuri biyu a rana ya wadatar.

Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, kuma gara a sayi tikiti ta intanet tun daga gida, in ba haka ba rabin yini zai tafi a layi. Hasumiyar Eiffel kuwa, da yamma ta fi kyau, lokacin da aka kunna fitilunta.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ta Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926. Bayan salla, mutum ya zauna a farfajiyar wajen shayinsa, ya sha mai na'a-na'a a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ƙafa ta huta.

Sun ce a riƙe rigar sanyi da lema, don sama ba ta da tabbas. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma, jaka ta dawo gaba saboda 'yan sane.