Wata ɗaya ba giya: waɗanda suka gwada, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Tudun Wada, Jos

Jama'a barkanmu da war haka. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ga tumbi kullum sai gaba yake yi. Ya ce in ajiye kwalba na wata guda, in rage tuwon dare, in riƙa taka ƙasa, sannan in koma ya sake aunawa. Ba na sha da safe, amma in an tashi aiki kwalba biyu ko uku da tsire ba sa wuce ni, ranar Asabar kuwa sai abin da aljihu ya iya. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, don Allah ku faɗa mini abin da kuka gani a jikinku. Wa'azi kam na sha shi a coci, na sha a gida. Wanda ya yi ya gani nake nema.

Tsohon Soja, Kaduna

Ƙanena, na yi, a lokacin azuminmu na kwana 40 kafin Ista. Bari in fara da abin da ba wanda ya gaya mini. Na ɗauka maƙogwaro ne zai dame ni, ashe agogo ne. Daga biyar na yamma zuwa tara na dare, nan yaƙin yake. Shekara da shekaru tun muna bariki, wannan lokacin na kasuwar mami ne: a zauna, a yi gardamar ƙwallo, a zagi gwamnati, a kira mai farfesu. Da na daina zuwa sai na tsinci kaina a falo ina kallon bango, madam tana kallona kamar baƙo. Har yaran suka fara tambayar ko lafiya Baba yake gida da wuri.

Shi ya sa na mayar da motsa jikin yamma, duk da kowa safe yake cewa. Ƙarfe biyar ta yi sai in ɗaura takalmi in nufi dandalin Murtala, in zaga har magariba ta kawo jiki. In na dawo na yi wanka na ci abinci, sa'o'in nan masu haɗari sun riga sun wuce rabi, gajiya ta cinye sauran.

Barci a satin farko bai yi daɗi ba ko kaɗan. In kwanta in yi ta juyi, in ya zo kuma sai mafarkai barkatai, har da mutanen da muka yi aiki tare da suka daɗe da rasuwa. Wajen sati na biyu ya daidaita, kuma irin barcin da na manta akwai shi ne: ka farka da asuba kanka wasai, ba tashin fitsari sau uku, ba ɗacin baki. Madam ta ce minsharin ma ya ragu, ita ce shaida ba ni ba.

Abu na biyu, kwaɗayin zaƙi. Ni da ban damu da alewa ba, sai ga ni ina shan malt biyu uku a dare ina ganin na yi abin kirki. 'Yata ce ta juya kwalbar ta nuna mini yawan sukarin da aka rubuta a jiki. Daga nan muka koma zoɓo da citta da kanumfari ba sukari. Ƙarshen wata bel ɗina ya koma baya da huji ɗaya.

Wata Nas a Kaduna

Baba Soja sannu da ƙoƙari. Kafin kowa ya ɗauki labarinsa ya yi aiki da shi, akwai magana ɗaya da ba ta wasa ba. Mutumin da yake sha da yawa kullum, musamman wanda in ya tashi da safe hannunsa na rawa sai ya kurɓa kafin ya dawo daidai, kada ya yanke giya rana ɗaya shi kaɗai a gida. Jiki ya saba, in aka janye masa kwatsam yana iya birkicewa. Cikin sa'o'i 6 zuwa 24 ake fara ganin karkarwa, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba. Cikin kwana biyun farko wasu kan yi jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na 2 zuwa na 4 kuma akwai matakin da mutum zai rikice, ya yi zazzaɓi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A unguwa sai a ce jifa aka yi masa ko iska ce, a kai shi wurin addu'a ko wurin mai magani, alhali wannan yana kashewa, kuma a asibiti akwai maganinsa. Irin wannan mutumin likita ne zai saukar da shi, da magani da bitamin B1. A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, a Jos akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Batun tumbi kuma lissafi ne mai sauƙi. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na sinadarin barasa kuwa kalori 7 ne, na sitaci ko sukari 4, na mai 9. Babbar kwalbarmu mai santilita 60, in ƙarfinta kashi 5 cikin 100 ne, tana ɗauke da barasa wajen giram 24. In ka haɗa da sitacin da ke ciki, kalori kusan 250 ke nan. Kwalba uku sun kai cikakken abincin dare, ba a ma zo kan tsiren ba. Ga shi hanta barasar take fara ƙonawa ta ajiye sauran aiki, don haka kitsen naman da aka ci a kai adana shi jiki yake yi.

Ɗan Tudun Wada, Jos

Anti na gode ƙwarai. Ni ban kai nan ba, nakan yi kwana biyu ban sha ba in aiki ya riƙe ni kuma ba abin da ke rawa. Amma akwai wani abokinmu da wannan bayanin ya zauna a kansa daram. Zan nuna wa matarsa.

Maman 'Yan Biyu, Kafanchan

Ku naku mai sauƙi ne, ku da kuke zuwa wurin giya da ƙafarku. Ni a tsakar gidana take. Burkutu nake dafawa, sana'ar da na gada wurin uwata, da ita na biya wa yara makaranta. Daga jiƙa dawa, ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ta ta tashi, kowane mataki da ɗanɗanonsa. In ka tambaye ni a da, zan rantse ba na sha, ɗanɗanawa kawai nake. To ɗanɗanon safe da na rana da ƙwaryar da mai saye zai ce "Mama sha ɗaya a kaina", in ka tara su kafin dare ai an sha.

Ƙwannafi ne ya sa na tsaya. Kullum da asuba ƙirjina kamar an zuba barkono. Na kira ƙanwata ta karɓi aikin ɗanɗano na wata guda, masu saye kuma na ce musu magani nake sha, sai suka ƙyale ni. Wannan maganar ta fi kowace aiki, ku riƙe ta. In ka ce ka daina ne, sai an yi ta ja da kai.

Abinci ban wani canza sosai ba, sai dai na koma gwaten acca da ganye da yawa da dare maimakon tuwon masara, na rage manja. Motsa jiki kuwa ku bar ni in yi dariya. Macen da ke faskare, ta ɗebo ruwa, ta juya tukunyar da ta kai ƙugunta, wane tattaki za a ƙara mata? Wannan na ma'aikatan ofis ne.

Ƙwannafin ya tafi tun kafin wata ya raba. Fuskata ta sabe, har a zumuntar mata ana tambayata wane mai nake shafawa. Yanzu ƙaramar ƙwarya ɗaya ranar kasuwa, shi ke nan, kuma ƙanwata ta riƙe ɗanɗanon har yau don bakinta ya fi nawa kaifi.

Baƙo a Manchesta

Mama kin ba ni dariya. A nan Ingila abin har suna gare shi, Dry January, wato a yi Janairu ba giya bayan shagalin Kirsimeti. Wata ƙungiya mai suna Alcohol Concern, wadda yanzu ta koma Alcohol Change UK, ita ta fara shi a 2013. Likitocin asibitin Royal Free da ke Landan sun bi wasu masu sha da suka daina na wata guda, suka wallafa sakamakon a 2018: nauyinsu ya ɗan sauka, hawan jininsu ya ragu, yadda jiki ke sarrafa sukari ya gyaru.

Na yi shi, kuma a nan ya fi sauƙi don rabin ofis suna yi tare da kai, ba mai ce maka "ko ka zama fasto ne?" Akwai kuma giya marar barasa a kowane kanti, ka riƙe kwalba kamar kowa. Na shiga parkrun, gudun kilomita 5 kyauta da ake yi kowace Asabar ƙarfe tara na safe a wuraren shaƙatawa. A sanyin Janairu, ɗan Arewa da gajeren wando, abin sai wanda ya gani. Amma sanin cewa akwai gudu da safe shi ya riƙa kwantar da ni da wuri daren Juma'a. Abin da ban so a tsarinsu ba shi ne ɗaya ga Fabrairu: mashaya ta cika maƙil, mutane na ramuwar gayya.

Ba Suna, Kano

Ku yi haƙuri ban sa suna ba. Ni Musulmi ne, kun san abin da hakan ke nufi in aka ji. Irinmu muna da yawa, ku tambayi masu wuraren Sabon Gari. Watan da kuke magana ni duk shekara ina yinsa, Ramadan ko ɗigo ba na sha, kuma ba ya yi mini wuya. Jikina yakan yi sauƙi, in taka har masallaci mai nisa don tarawihi. Matsalar bayan Sallah ce, da sati ya zagayo sai in koma. Bara na gane cewa watan ba ya mini wahala ne saboda darena a cike yake, ga buɗe-baki, ga salla, ga mutane. Sai na gaya wa yayana gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, ya ce kullum bayan isha'i in zo shagonsa mu rufe tare mu taka zuwa gida. Har yanzu muna kan haka.

Mai Nasiha

Ɗan'uwa ka ji tsoron Allah, wannan abu haramun ne, ba batun wata ɗaya ba ne.

Ba Suna, Kano

Malam na sani, na fi kowa sani. Addu'arka nake buƙata.

Tsohon Soja, Kaduna

Allah ya dafa maka, ɗana. Yayanka mutum ne.

Direban Tirela

Ni tawa ba ta yi kyau a karon farko ba. Na ɗauki uku rana ɗaya: ba giya, ba tuwo da dare, ga tsalle da igiya kowace safiya a gefen mota. A hanyar Legas zuwa Maiduguri, ina za ka samu ganye da kifi? Abin da ke tasha shi ne shinkafa da mai, burodi da shayi, sai 'yar giyar leda da ake miƙo maka ta taga. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sanar da hana ta tun Fabrairun 2024, amma ku je tasha ku gani. Kafin sati biyu yunwa da gajiya da fushi suka haɗu mini, na yi faɗa da yaron mota a kan abin da bai kai ya kawo ba, daren nan na koma. Ba a tauna taura biyu lokaci guda, balle uku.

Karo na biyu giyar kawai na ajiye, na ci abincina yadda na saba har na ƙoshi. Sai da wata ya kusa ƙarewa na fara rage sukarin shayi, in mun tsaya lodi in zaga tasha da ƙafa. Wannan ya zauna. Abin da na fi lura da shi, gyangyaɗin bayan azahar a kan sitiyari ya ragu sosai, wannan kuwa a aikinmu rai ne. Kuɗin da suka rage a aljihu ma sun ba ni mamaki, don ledar nan arha gare ta, ba ka jin fitar kuɗin.

Wata Nas a Kaduna

Oga Direba ya faɗi abin da muke gani. Wanda likita bai ce masa dole yanzu-yanzu ba, ya fara da giyar, abinci ya biyo baya. Motsa jiki kuma ba sai an yi tsalle ba. Minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, wato rabin awa sau biyar.

Inda zan ɗan ja da Baƙon Manchesta shi ne, wata ɗaya ba ya wanke shekara. Kitsen da giya ta tara a hanta yana iya narkewa in an daina, amma in hantar ta riga ta yi tabo ta ƙanƙance, ba ta komawa yadda take. Hukumar nan dai a Janairun 2023 ta fito ta ce babu wani adadin giya da za a kira marar illa. Kuma a ƙasarmu ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Mai shi in yana sha, hantar duka biyu take karɓa.

Baƙo a Manchesta

Ban musa ba, Anti. Ni dai amfanin da na gani shi ne na san yadda jikina yake in babu ita, abin da rabona da sani tun ina jami'a.

Direban Tirela

Anti Nas, gwajin wannan ciwon hantar da kika faɗa, me zan ce musu in na je asibiti? Kuma sai da yunwa ake zuwa? Jibi zan sauke kaya a Kaduna.

Wata Nas a Kaduna

Ka ce gwajin ciwon hanta nau'in B da C kake so, da kuma gwajin aikin hanta. Na B da C ba ruwansu da ko ka ci abinci. In za ka haɗa da na sukari, to ka je da safe kafin ka karya. Ka sa a auna maka hawan jini ma tunda ka shiga. In na B ɗin ya nuna ba ka da shi, ka tambayi allurar rigakafi, sau uku ake yi cikin wata shida, ka kai madam da yara su ma a duba su.