Muhawara: shin taƙaita allon TCAS, na'urar da ke hana jiragen sama yin karo, yana hana ta yin gargaɗi?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Ni dai ina ganin matuƙin da ya juya maɓallin allon TCAS zuwa ABV, wato duban sama, lokacin da jirginsa ke hawa ya rufe wa kansa ido, domin a jiragen Airbus allon zai nuna masa jiragen da ke samansa har ƙafa 9,900, na ƙasansa kuwa ƙafa 2,700 kawai. Ta yaya mutum zai kauce wa abin da bai gani ba?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Alƙalumanka daidai ne, amma ka gwama abu biyu. Maɓallin nan abin da ido zai gani kawai yake tacewa. Ita na'urar ba ta daina tambayar taransifondar kowane jirgin da ke kewaye ba, wato na'urar da ke amsa mata da bayanin nisan jirgin daga ƙasa, tana lissafin daƙiƙun da suka rage kafin a haɗu. In saura daƙiƙa 20 zuwa 48, gwargwadon nisan jirgi daga ƙasa, sai wancan jirgin ya fito da alamar da'ira ruwan ɗorawa. In saura 15 zuwa 35, alamar ta koma jan murabba'i, murya ta ba da umarnin hawa ko sauka. Ko a ina aka ajiye maɓallin, waɗannan biyun sai sun fito.

Hajiya: Injiniya, kana nufin babu wani maɓalli da zai toshe mata baki?

Injiniya: Akwai, Hajiya, amma wani ne daban. In aka sa ta a TA ONLY, kamar yadda ake yi idan inji ɗaya ya mutu, gargaɗi kawai za ta yi, ba umarni. Ita da kanta ma tana daina ba da umarni idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, kamar sa'ad da yake gangarowa filin jirgin Damagaram.

Alhaji: Ɗana, abin da ya fi damuna shi ne matuƙi ya saba wa umarnin. Ranar 1 ga Yuli 2002, a sararin Uberlingen ta Jamus, TCAS ta ce wa matuƙan jirgin Rasha su hau, mai kula da zirga-zirga ya ce su sauka, suka bi nasa, suka yi karo da jirgin dakon kaya na kamfanin DHL, rayuka 71 suka salwanta. Allah ya kiyaye. Kuma allon ba rada ba ne. Kusurwar da yake nunawa ba ta da cikakken daidaito, shi ya sa aka hana karkata jirgi bisa hotonsa kaɗai.

Ɗalibi: Baba, na yarda gargaɗin ba ya ɓacewa. Duk da haka ina nan a kan cewa matuƙin da ya hango jirgi tun daga nesa ya fi natsuwa lokacin da muryar ta ɗaga, domin daƙiƙa 5 kawai aka ba shi ya fara bin umarnin. Saboda haka zaɓin ABV a hawa da BLW, wato duban ƙasa, a sauka ba abin sakaci ba ne.