Wai me za mu kira "pop art" da Hausa?

Jama'a ku taimaka, ina rubutu ne kan Andy Warhol na zo kan kalmar nan na cije. In na bar ta yadda take mutanenmu "fof at" za su ce, ba wanda zai san me ake nufi.

Ga wanda bai san mutumin ba, ɗan Amurka ne, an haife shi a Pittsburgh a 1928, iyayensa 'yan ci-rani ne daga wani ƙauye da yanzu yake cikin Sulobakiya. Da zanen talla ya fara cin abinci a New York, takalman mata yake zana wa kamfani, sai a 1962 ya baje hotunan gwangwanin miyar Campbell's guda 32 a Los Angeles wai shi ma aikin fasaha ne, mutane suka yi ta dariya. Kalmar kuma ba tasa ba ce, a Ingila aka fara faɗinta tun shekarun 1950, kuma pop ɗin guntun popular ne, wato abin da jama'a suka raja'a a kai.

Wani malam ya ce in sa "zanen zamani". A'a wlh ya yi faɗi da yawa, har su Picasso za su shigo ciki.

"Zanen talakawa" kuwa dariya ya ba ni, hoton Warhol ɗaya na 'yar fim Marilyn Monroe fa dala miliyan 195 aka saye shi a 2022, wane talakan?

"Zanen talla" ya ɗan matso, amma gwangwanin nan ba sayar da miya yake ba, ɗauko abin talla ya yi ya rataya a bango ya ce to ku tsaya ku kalla.

Ni dai "yayi" ce ta tsaya min a rai. Coca-Cola, mawaƙi Elvis Presley, Marilyn, duk abin da ake yayi ne, har maganar nan da ake jingina masa cewa nan gaba kowa zai yi suna na minti 15, ai yayi kenan, yau naka gobe na wani. Na rubuta "zanen yayi" ina murna sai Hajiya ta ce min ɗana, wannan ai atamfa za a zata, mata za su tambaye ka nawa turmi. Kuma gaskiyarta.

To tunda dama yawancin aikinsa bugawa yake ta cikin kyalle mai raga, irin yadda ake buga riguna, hoto ɗaya ya maimaita shi sau 50, ga finafinai ga kwaikwayon kwalayen soson wanke-wanke na Brillo da ya yi a 1964, zane bai ma ɗauke shi duka ba. Na koma "fasahar yayi". Na san wani zai ce fasaha ai waya da kwamfuta ce, to mawaƙa ma fasihai muke ce musu tun kafin waya ta zo.

Ita zan sa, har a layin rasuwarsa: jagoran fasahar yayi, ya mutu a 1987 bayan tiyatar matsarmama.