Wa ya taɓa zama a gundumar Prince George's ta jihar Maryland? Ku ba mu labarin zaman

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Maigidana ya samu gurbin karatun digiri na uku a Jami'ar Maryland da ke College Park, in sha Allahu watan Agusta za mu tafi ni da shi da yara biyu, babbar shekararta 7 ƙaramin 3. An ce wurin yana cikin gundumar Prince George's ne, jikin birnin Washington. Na duba taswira har idona ya gaji amma taswira ba ta gaya wa mutum yadda zaman wuri yake. Abin da makaranta za ta riƙa ba shi duk wata ba wani mai yawa ba ne, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Don Allah duk wanda ya zauna can ya faɗa min gaskiya, haya, mota, sanyi, makarantar yara, masallaci, komai dai.

Kawu na Bowie:
Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya kawo ku lafiya. Ni tun 2003 nake nan, nan na yi furfura. Abu na farko da za ki sa a ranki, wannan gunduma ba gari ɗaya ba ce, garuruwa ne da unguwanni barkatai a warwatse, mutum dubu 967 da ɗoriya aka ƙirga a ƙidayar 2020, ita ce ta biyu a yawan jama'a a Maryland bayan Montgomery. Kogin Potomac na kudu maso yamma, kogin Patuxent ya yi mata iyaka ta gabas, sai kuma babban titin nan da ya yi wa Washington zobe wanda ake ce wa Beltway, ya ratsa ta ya raba ta biyu. Duk hirar gida da za ki ji a nan sai an tambaye ki cikin zobe kike ko wajensa. Cikin zobe tsofaffin unguwanni ne, gidajen haya masu hawa, jama'a a cunkushe, jirgin ƙasa da bas a kusa. Wajen zobe irin su Bowie da Mitchellville da Upper Marlboro manyan gidaje ne da ciyawa a ƙofa da itatuwa, shiru kamar ba kowa, barewa ma har bayan gidana take zuwa ta cinye min ganyen tumatir. In kika ƙara nausawa kudu wajen Brandywine da Aquasco kuwa gonaki ne zalla, ba za ki ce birnin tarayya na kusa ba.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin wurin nan shi ne, a da ƙasar noman taba ce, kuma kafin Maryland ta haramta bauta a 1864 babu gundumar da ta kai ta yawan bayi a duk jihar. Yau kuma baƙar fata su ne mafi rinjaye, an daɗe ana lissafa ta cikin wuraren da baƙar fata suka fi wadata a Amurka, likitoci, lauyoyi, hafsoshin soja, manyan ma'aikatan gwamnati. Angela Alsobrooks da ta shugabanci gundumar daga 2018 ita aka zaɓa sanata a 2024. Ɗiyarki za ta shiga aji ta ga malama baƙa, shugabar makaranta baƙa, ta je asibiti ta ga likita baƙi, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro a ƙasar nan.

Amma kar manyan gidaje su ruɗe ku, yawancinsu bashin banki ne na shekara 30. A rikicin tattalin arziki na 2008 gundumar nan ta sha wuya ƙwarai. Maƙwabcina na dama, mutumin kirki mai ƴaƴa uku, da idona na ga kujerunsa da katifu da keken yarinyarsa a jibge kan ciyawa ana yayyafi, banki ya karɓe gidan. Ni na taya shi lodi a mota, ko kallon juna ba mu iya yi ba. A layinmu kaɗai gida huɗu aka rufe a shekarar.

Direban Landover:
Gaskiya Kawu ya gama magana, ni dai ta ɓangaren hanya zan ƙara tunda tuƙi ne sana'ata. Anti maganar mota ita ce maganar. Jirgin Metro yana shigowa gundumar amma iyakarsa gefen zobe, koren layi ya tsaya Greenbelt ta arewa da Branch Avenue ta kudu, ruwan lemo ya tsaya New Carrollton, shuɗi ya tsaya Largo, daga nan kuma sai bas, bas ɗin kuma in ka rasa ɗaya a wasu unguwanni sai ka yi rabin awa ko fiye kana tsaye. Shekarata ta farko ba mota, ina aikin dare a wani sito, tafiyar da mota ke yi a minti 20 ni awa ɗaya da rabi nake yi da canjin bas biyu, ranar da na sauka a watan Janairu ƙarfe 6 na safe yatsuna suka ƙi riƙe makulli sai da na sa su a hammata tukuna na iya buɗe ƙofa, ranar na ce ko akwala ce sai na saya. Sayen motar ma ba shi ne wuya ba, inshora ce, in lasisinka sabo ne duk wata sai ka ji a jikinka. Ga kyamarori a kan titi masu ɗaukar mai gudu, tikiti sai dai ka gan shi a akwatin wasiƙa. Sannan ku kiyayi titin 210 da ake ce wa Indian Head Highway, ya ci rayuka da yawa, musamman da dare. Akwai sabon layin jirgi Purple Line da ake ginawa daga Bethesda zuwa New Carrollton, ta cikin jami'ar ma zai bi, an yi ta ɗaga ranar buɗe shi, kar ku sa shi a lissafinku sai kun ga yana tafiya.

Ɗaliba a College Park:
Yaya sannu, ni shekarata uku a makarantar da maigidanki zai zo. Kawu ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka kaɗan, yadda ake faɗin cikin zobe sai mutum ya tsorata, alhali ita kanta jami'ar a cikin zoben take, kuma wurare irin Hyattsville da Mount Rainier yanzu sun yi tsada masu kuɗi na ta shigowa. Unguwa unguwa ne, kai layi layi ne ma. Shawarata kar ku biya kuɗin gida daga Najeriya don kun ga hoto, ku samu wanda zai je ya gani da rana ya sake komawa da dare. Ni an taɓa nuna min hoton ɗaki tas, da na zo ashe ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne taga ɗaya ƴar ƙarama, ruwan sama na farko kafet ya jiƙe, littattafaina biyu suka yi funfuna. Ku nemi gida a Greenbelt ko Adelphi ko Hyattsville inda motar makaranta ke bi, ɗalibi da katinsa yake shiga, shi maigida ya huta da kuɗin mota kenan. Mu uku muke raba gida mai ɗaki biyu kuma duk da haka haya ce ke cinye fiye da rabin abin da nake samu. Masu gida za su tambaye ku tarihin kiredit, wato tarihin yadda kuka saba biyan bashi a nan, ku kuma ba ku da shi tunda sabbin zuwa ne, to ko su ƙara muku kuɗin ajiya ko su ce a kawo mai tsaya muku. Abu ɗaya mai daɗi, a 2024 gunduma ta yi doka cewa ƙarin haya a shekara ba zai wuce kashi 6 cikin ɗari ba, amma ba kowane gini ta shafa ba, sabbin gine-gine ba sa ciki, ku tambaya kafin ku sa hannu.

Hajiyar Laurel:
Ƙanwata ni maganar yara zan miki don ita ta fi ba ni wahala. A Maryland doka ce ba a barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, wanda zai zauna da shi kuma sai ya kai 13. To kin ga naki duka biyun ba su kai ba. Irin na gida da za ki leƙa maƙwabta ki ce ga su nan zan je kasuwa in dawo, babu shi a nan sai kin gina shi da kanki. Gidan renon yara kuwa kuɗinsa ya kusa kamo haya. Ni aikin kula da tsofaffi nake, shekara huɗu ina aikin dare maigida na rana, a bakin ƙofa muke haɗuwa, ya miƙo min jaririya in miƙa masa makullin mota, abincinsa na cikin kula a kan tebur. Wallahi akwai ranakun da na zauna a kicin na yi kuka ba don wani ya min komai ba, kewa ce kawai, ka leƙa taga layi guda ba mutum ko ɗaya a waje.

Makarantar gwamnati kyauta ce kuma adireshinku ne ke zaɓa muku wadda yarinya za ta, don haka ki binciki makarantar kafin ki kama gidan, ba bayan kin kama ba. Ki taho da katin rigakafinsu. Sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu ne mai tsanani, kuɗin hita kan ninka, wani lokaci dusar ƙanƙara ta rufe gari kamar ta Janairun 2016 da muka kwana biyu ba mu ga motarmu ba. Yuli da Agusta kuma zafi ne mai ɗanko, gumi ba ya bushewa, kar ki ce don kin fito daga Kano ba zai dame ki ba.

Ɗan Zongo:
Hajiya Allah ya saka da alheri, gaskiya kika faɗa. Ni daga Kumasi nake, shekara 11 a Riverdale. Maganin kewar nan masallaci ne. A Lanham akwai Diyanet Center da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2016, ranar da na fara shiga na ɗaga kai na ga ƙubba sai da na manta a Amurka nake. A College Park ma akwai Dar-us-Salaam da makarantar Al-Huda. Ranar Juma'a bayan sallama ki ɗan tsaya a waje, za ki ji Hausa, ta Ghana ta Nijar ta Najeriya, a nan na samu aikina na farko da mai tsaya min a haya. Kayan miya ba matsala, shagunan ƴan Afirka na nan da yawa, akwai manja, garin rogo, doya, busasshen kifi, nama na halal ma akwai. A Langley Park inda mutanen Guatemala da El Salvador suka fi yawa kayan gwari sun fi araha. Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya dai ki taho da naki in an bari, ki kuma bayyana su a filin jirgi kar ki ɓoye, kilishi kam kar ma ki ɗauko, ba a shiga da nama. Da layya mukan haɗa mota mu tafi gona can wajen gari mu zaɓi rago a yanka a can, ba a yanka a tsakar gida. Ki riƙa yawo da jakar cefane, tun farkon 2024 aka hana leda a shaguna.

Ma'aikacin Kwantiragi:
Bari in ƙara abin da ba a taɓo ba, daga ina kuɗin wurin nan ke fitowa. Gwamnatin tarayya ce uwa. Cibiyar Goddard ta hukumar binciken sararin samaniya NASA na Greenbelt, sansanin Andrews inda jirgin shugaban ƙasa ke kwana na nan, hedikwatar hukumar ƙidaya na Suitland, cibiyar binciken noma na Beltsville, ga dubban da ke shiga Washington aiki kullum da safe su dawo da yamma, shi ya sa gosulo ke fuskantar gari da safe ya juyo da la'asar. Sai jami'a, asibitoci, da National Harbor a bakin Potomac mai otal-otal da gidan cacar MGM da aka buɗe a ƙarshen 2016. In gwamnati ta yi tari duk gunduma sai ta kama mura. Lokacin da aka rufe gwamnati saboda rikicin kasafin kuɗi kwana 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 ni ina kwantiragin kwamfuta, ma'aikatan dindindin an biya su daga baya, mu ko sisi, na shiga layin karɓar abincin taimako na ga mutane da katin aiki rataye a wuya. A 2025 kuma aka rage ma'aikata da yawa, aka sake rufewa har kwana 43. Mai aski na ya ji, mai gidan reno ta ji. Mafi ƙarancin albashi a jihar ya kai dala 15 a awa a 2024, in kika juya shi zuwa naira sai ki ga kamar dukiya, amma a cire harajin tarayya da na jiha da na gunduma kashi 3.2, a biya haya da inshora, abin da ya rage ba ya kai wa ƙarshen wata sai da dabara. Kuma ki duba irin bizar da za a ba ki, matar ɗalibi mai F-2 ba a yarda ta yi aiki ba, ku yi lissafi da kuɗin mutum ɗaya.

Uwar Biyu:
Innalillahi, wannan ta bizar ban san da ita ba sam, ita ce kuwa za a ba ni. Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, na karanta wa maigida duka daren jiya mun daɗe muna lissafi. Mun tsayar shi zai fara yin gaba a Agusta ya kama gida kusa da inda motar makaranta ke bi, ya ga makarantar yarinya da idonsa, mu kuma mu biyo baya. Hajiya rigunan sanyin yara fa, in saya a Kantin Kwari ko in bari sai mun zo?

Hajiyar Laurel:
Ki bari ƙanwata, na gida ba sa riƙe sanyin nan. Akwai shagunan gwanjo masu kyau a nan, kuma ina da jaket biyu da takalman ƙanƙara da autata ta girme su, suna nan a wanke cikin akwati. Ki turo min lambar takalmin babbar ta saƙo, in maigidan ya iso ya same mu a masallacin Lanham ranar Juma'a ya karɓa.