Neman kalma: me za a kira RAM da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wata 'yar takarda mai koyar da yadda mutum zai ƙara wa laftof ɗinsa RAM da kansa, gobe da safe ake so. Kalmar tana kusan kowane layi. Na sa "ƙwaƙwalwa", sai na ga furosesa, wato abin da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, ma da ita ake kiransa. Ku agaza.

Ɗalibar Hausa: Wa alaikumus salam Malama. Ma'adana fa? Ko memori kawai.

Injiniya: Duka biyun za su ɓatar da mai karatu. Memori a bakin mutane katin waya ne, na hotuna da bidiyo. Ma'adana kuwa ta had dis ce da SSD, inda fayil yake kwana ko an kashe na'ura. RAM ba ya ajiye komai. Abin da kike aiki a kai yanzu yake riƙewa, wuta na ɗaukewa ya saki. Wanda ya karanta "ƙara ma'adana" SSD zai sayo, alhali wurin ajiya bai taɓa yi masa kaɗan ba.

Dattijo: Injiniya, ka faɗi amsar da bakinka ba ka lura ba. Riƙewa ka ce. To, MARIƘA. Daga adana aka sami ma'adana, daga rina aka sami marina. Wurin riƙo, mariƙa. Na daɗe ina ba da wannan shawarar.

Ɗalibar Hausa: Baba, a rubuce ai mariƙa jam'in mariƙi ne, masu riƙon yara. Tunda ba ma sa karin sauti a rubutu, "ƙara mariƙa biyu" zai ba mutane dariya.

Dattijo: 'Yata, makaranta fa? Wurin karatu ne, jam'in makaranci ne kuma. Marina ma haka. Kin taɓa jin wanda ya ruɗe? Jimla ce ke rarrabewa.

Ɗalibar Hausa: Wannan kam kun kama ni, Baba.

Mai Gyara: Ranka ya daɗe, nahawun ba ni da ja. Amma mai karanta takardar nan saye zai je yi. A jikin kayan ba a rubuta mariƙa ba, nau'in RAM ɗin, DDR3 ko DDR4 ko DDR5, zai gani, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Na laftof, wato SO-DIMM, DDR3 ƙafa 204 gare shi, DDR4 260, DDR5 262. Har DDR3 ɗin kala biyu ne, mai bolt 1.5 da DDR3L mai 1.35, akwai na'urorin da ba sa tashi sai da na biyun. In bai san sunan da duniya ta san abin da shi ba, me zai tambaya, me zai rubuta a intanet?

Dattijo: Da wannan hujjar ba za mu taɓa ƙirƙirar komai ba. Magabata sun ga abin da ba su taɓa gani ba suka ce jirgin sama, ya zauna daram. Masu Suwahili sun ce wa kwamfuta tarakilishi. Mu kuwa sai mu kwashi Turanci mu shafa masa wasali, mu ce mun yi Hausa. Raina kai ne.

Injiniya: Baba, su ma masu Suwahilin da yawansu kompyuta suke cewa. Mu nan an yi shekaru ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a rediyo, ga shi kowa kwamfuta yake faɗa. Littafi da alƙalami ma aro ne daga Larabci, ba wanda ya ce an raina kai.

Dattijo: Aron da ya shekara ɗaruruwa kake haɗawa da na jiya? Ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji.

Injiniya: Subhanallah. Da Hausa fa nake koyar da ɗalibaina.

Mai Fassara: Don Allah iyayena, dare yana yi. Ga wasu ma suna jira: wurin da ake zura shi, da 'yar tsagar da ke tsakanin ƙafafun, da ƙarafa biyu na gefe.

Mai Gyara: Waɗannan masu sauƙi ne, Malama. Gurbi, giɓi, maƙalai. Ki rubuta haka: a kashe na'ura, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa in na ciki ne, a taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jiki. A buɗa maƙalan biyu da yatsu, tsohon zai ɗago da kansa. Sabon a riƙe shi ta gefe, kar a taɓa ƙafafun masu ruwan zinariya. Giɓin ba a tsakiya yake ba, don haka fuska ɗaya kawai yake shiga, in ya ƙi kar a matsa. A zura shi a karkace, kamar digiri 30, har ƙafafun su kusa ɓacewa, sannan a danna ƙasa. Za a ji ƙas, maƙalan sun yi ram da shi.

Ɗalibar Hausa: Tsaya Malam! "Sun yi ram da shi." Ram ai Hausa ce tsantsa, amsa-kama ce ta riƙo mai ƙarfi. Baba, ga riƙonku nan a cikin kalmar tun asali.

Dattijo: Katari ne kawai. Amsa-kama ba suna ba ce.

Mai Fassara: Katarin ya yi mini. Zan rubuta "ram" da ƙananan baƙaƙe, a farkon ambato in bi shi da bayani: wurin riƙon wucin-gadi na kwamfuta. Na ɗauki gurbi, giɓi da maƙalai.

Injiniya: Ki sa gargaɗi a sama, a duba kafin a saya. A Windows, Task Manager yana nuna gurbi nawa ne, nawa ke cike. Laftof da yawa sirara ram ɗinsu a liƙe yake da dalma, ba ya fita. MacBook masu furosesa M1 na 2020 da waɗanda suka biyo bayansa, ba a ƙara musu sam.

Dattijo: Wurin riƙo kalma biyu, mariƙa ɗaya. Kun ɗauki ma'anar kun bar kalmar. Ki sa ta ko a jerin kalmomin ƙarshe ne.

Mai Fassara: Zan sa, Baba, in mai aikin bai cire ba. Namiji ne ko mace? Ram ɗin ya cika ko ram ɗin ta cika?

Mai Gyara: Namiji.

Dattijo: Da mariƙa ce, da ba ki yi wannan tambayar ba.