Me za mu kira "postdoc" da Hausa?

1/ Duk lokacin da aka yaɗa tallan gurbin "postdoc" a fannin kimiyyar lafiya ko ƙera na'urorin asibiti, sai in ga an rubuta "karatun bayan digirgir" (digirgir a nan digiri na uku ne, wato PhD). Wani ma cewa ya yi "digiri na huɗu". Jama'a, babu aji, babu jarrabawa, babu kwalin da za a miƙa maka ranar yaye ɗalibai. Aiki ne na kwantiragi, albashi ake biya.

2/ Ka gama digirgir, sai farfesa mai ɗakin gwaji ya ɗauke ka, galibi shekara 2 zuwa 5. Kai ke renon ƙwayoyin halitta, kai ke kula da ɓerayen gwaji ko ka kwana kan na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, kai ke kama wa ɗaliban digirgir hannu idan farfesa ya tafi neman kuɗi. Abin da za ka fita da shi maƙalu ne da sunanka a gaba, da wasiƙar shaida daga gare shi. Da su ake neman kujerar malanta da kuɗin buɗe naka ɗakin.

3/ A 2024 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta sa dala 61,008 a shekara ga sabon shiga a tallafinta na horo. Tallafin Marie Curie na Tarayyar Turai shekara 1 zuwa 2 ne idan a Turai za a yi, kuma kada ka wuce shekara 8 kana bincike bayan digirgir. Na Georg Forster, daga gidauniyar Humboldt a Jamus, na 'yan ƙasashe masu tasowa ne, wata 6 zuwa 24, cikin shekara 4 da gamawa. Wanda ya ɗauka karatu ne da zai koma idan ya huta, zai tarar an rufe ƙofa.

4/ To, wace kalma? "Horo" ta yi kusa, amma tana sa a ji kamar sabon likita mai sanin makamar aiki, alhali wannan shi ke koya wa wasu.

Ni tsangaya na duba. Gardi ya wuce ƙolo da titibiri, yana zaune gaban malam yana biya wa ƙanana, bai buɗe makarantarsa ba tukuna. Wallahi babu abin da ya fi "gardancin bincike" dacewa. Matsalar, Bahaushe na jin "gardi" zai tuna mai wasa da kura, kuma ba na jin wata dakta za ta yarda a kira ta gardiya a jarida.

5/ Ga inda na tsaya. A rubutu da labarai: "aikin binciken bayan digirgir", mai yin sa kuma "mai binciken bayan digirgir". A baka a gajarta: "Tana bayan-digirgir a Jamus, kan zazzaɓin cizon sauro." Gardanci mu bar shi don tsokana tsakaninmu.

Malaman sashen Hausa na Bayero da ABU da Danfodiyo, in kuna da wadda ta fi wannan gajarta, bismillah.